FARIN RUWA GA 'YAN MATA MASU TASOWA: BA KOWANNE NE CIWON SANYI BA

Daga Wakilinmu na Arewa

Akwai wata damuwa da ke cin iyaye mata a gidajen mutanenmu mazauna Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba da Obalende a Ikko, zuwa Sabo ta Badun da ta Shagamu, har can Anacha da Fatakwal. Ba a tayar da maganarta a zaure, ba a kai ta gaban Sarkin Hausawa, ko a gidan biki ma sai dai a ja juna gefe a yi ta cikin raɗa. Ita ce maganar farin ruwan nan da ke fitowa daga gaban yarinya sa'ad da ta fara tasawa.

Ga yadda abin yakan faru. Yarinya 'yar shekara 10 ko 11 ta wayi gari ta ga danshi a ɗan kamfanta, ba fitsari ba ne, ba kuma jini ba. Tsoro ya kama ta, ta ɗauka wata muguwar cuta ce, ta yi gum da bakinta, ta riƙa wanke kamfan a ɓoye tana cusa shi ƙarƙashin katifa tun bai bushe ba. Ran da uwa ta gano, ɗayan biyu ne. Ko dai ta ba yaro kuɗi ya ruga kemis a haɗo maganin sanyi, ko kuwa ta tsare yarinyar da tambaya, wa ya taɓa ki, ina kika je, har ta kai ga duka a kan abin da yarinya ba ta ji ba ba ta gani ba.

Muna roƙon masu karatu su gafarce mu idan sun ga mun kira abubuwa da sunayensu a wannan shafi. Mun san tarbiyyar da aka yi mana, mun kuwa san nauyin maganar. Amma Hausawa sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, kuma shirun da ake yi ba ya amfanin kowa sai masu tallar magani a cikin mota.

ABIN DA KE FARUWA A JIKI

Balagar 'ya mace takan soma tsakanin shekara 8 zuwa 13, kuma alamar farko galibi ita ce ƙirgar dangi, watau ɗan ƙullutun da ke tasowa a ƙarƙashin kan nono. Wani lokaci gefe ɗaya ya riga ɗaya fitowa, yakan kuma yi zafi in an taɓa, duk wannan ba ciwo ba ne. Daga ƙirgar dangi zuwa ganin jinin haila na farko akan ɗauki shekara 2 zuwa 3. To a tsakanin nan ne, kamar wata 6 zuwa shekara guda kafin haila ta zo, yarinya ke fara ganin farin ruwa.

Dalilinsa kuwa shi ne, akwai wani sinadari da jikin mace ke fara ƙerawa da yawa in balaga ta kusanto, likitoci suna ce masa isturojin. Shi ne ke sa nono ya fito, ƙugu ya buɗe, shi ne kuma ke ta da bakin mahaifa da bangon farji su soma fid da ruwa mai ɗan yauƙi. Aikin wannan ruwa shara ne. Yana kwaso matattun fatu da ƙazanta daga ciki ya fito da su waje, kamar yadda hawaye ke wanke ido, yawu ke wanke baki. Wa ya taɓa zuwa kemis neman maganin da zai ƙafar masa da yawu?

Bayan haka, a cikin wannan ruwa akwai wasu ƙwayoyi masu amfani waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Wani likitan Jamus mai suna Albert Döderlein ne ya bayyana su a shekarar 1892. Dangin ƙwayoyin da ke sa madara ta kwana ta zama nono ne, kuma aikinsu ɗaya: suna sa wurin ya yi tsami, tsamin nan kuwa shi ke hana miyagun ƙwayoyi zama. Masu gadi ne da Allah Ya ajiye a ƙofa. Saboda tsamin nasu ne ma za a ga baƙin kamfai ya koɗe daga tsakiya ya yi ja-ja, uwa ta tsorata ta ce wace irin cuta ce mai cin yadi, alhali kuwa alamar lafiya ce.

Ruwan lafiya yakan zama garai, ko fari-fari kamar madarar da aka tsinka, in ya bushe a yadi ya yi ɗan rawaya. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya raɗaɗi, ba shi da ɗoyi sai ɗan tsami-tsami. Yawansa bai cika wuce cikin ƙaramin cokalin shayi a yini ba, ko da yake wata ta fi wata. In haila ta daidaita kuma, yakan canza kama bisa ga kwanakin wata: wajen tsakiyar wata ya yi yawa, ya yi yauƙi kamar ɗanyen farin ƙwai, daga baya ya yi kauri ya ragu. Yarinyar da abin da take gani ke nan ba ta bukatar ƙwaya ko ɗaya. Bayani take bukata da kamfai mai tsabta.

ME YA SA ABIN YA FI TSANANI A KURMI?

A gida Arewa, ba uwa ce ke yi wa 'yarta irin wannan bayani ba, musamman in 'yar fari ce, wadda uwar ko sunanta ba ta faɗa don kunya. Aikin kaka ne, ko gwaggo, ko ƙanwar uwa, ko matar wan uba da ke sashen da ke kallon nasu. Babban gida ba ya rasa tsohuwar da za ta lura yarinya ta fara noƙe-noƙe, ta kira ta ɗaki ta ce, zo nan ke, me ke damun ki? Ba a ce duk abin da tsofaffin nan ke faɗa daidai ne ba, za mu zo kan wannan, amma dai yarinya na da inda za ta kai kukanta.

Da muka taso muka zo Kurmi, mun taho da kunyar, amma mun baro kakar a gida. Magidanci da matarsa da 'ya'ya biyar suna cikin ɗaki ɗaya ko biyu a gidan haya, maƙwabta wasu Yarabawa, wasu Ibo, banɗaki guda ake layi a kansa da asuba. Uwa na kunyar 'yarta, 'ya na tsoron uwarta, uba ya fita Mile 12 ko mayanka tun duhu-duhu. To wa ya rage? Sai ƙawa a makaranta wadda ita ma ba ta sani ba, da wayar hannu, da mai lasifika a tasha. A ganinmu, uwar da ke zaune a Kurmi ba ta da zaɓi, dole ta zama uwa ta kuma zama kaka. In nauyin baki ya hana ta, sai ta nemi wata dattijuwa a unguwa da ta amince da ita, ko malamar Islamiyya, ta wakilta ta tun kafin yarinya ta cika shekara 10.

KALMAR DA TA HAƊIYE KOME

Babbar matsalar tana cikin kalmar nan sanyi. Mutum na mura a ce sanyi, gwiwar tsoho na ciwo a ce sanyin ƙashi, namiji ya kwaso cuta wajen neman mata a ce ciwon sanyi, mace ta ga farin ruwa a ce sanyin mara. Da yake suna ɗaya ne, sai aka ɗauka cuta ɗaya ce, magani ma ɗaya. Har akan ce shan ruwan firji ne ke kawo shi, ko zama a kan siminti. Ruwan firji ba ya kawo farin ruwa, siminti ma haka.

A nan Kurmi kuma an ƙaro mana wani suna, wai infakshan na bayan gida. Kowace mace ta ji ƙaiƙayi sai a ce a masai ta ɗauka. Likitocin mata sun sha faɗa cewa babu wata cuta mai wannan suna a littattafansu. Ƙwayar ciwon sanyi na ainihi ba ta daɗewa da rai in ta bar jikin mutum, ba ta zama a bakin masai tana jiran mai zuwa. Masai mai ƙazanta na da nasa sharrin, shi ke yaɗa kwalara da taifot da tsutsar ciki, wajibi ne a wanke shi. Amma tsoron infakshan ya sa 'yan mata da yawa na riƙe fitsari tun safe har a tashi daga makaranta, riƙon fitsarin nan kuwa shi kansa yana taimaka wa ciwon mafitsara.

Sai kuma sitaf. Duk wanda ya shiga motar haya a Ikko ya ji mai kwalabe na rantsuwa cewa sitaf ne ke hana haihuwa, shi ke sa jin motsi a jiki, shi ke kawo farin ruwa, kuma maganinsa na hannunsa. Wannan ƙwaya da ake kira sitaf tana zaune a fatar mutane masu lafiya da cikin hancinsu, ba su san tana nan ba. Saboda haka in an kai ruwan gaba ɗakin gwaji aka rubuto an ga sitaf, sau da yawa daga fata ya shiga cikin abin gwajin. Likita ne zai duba takardar ya haɗa da abin da ya gani, ba mai kwalabe ba.

WANDA YAKE CIWO

Ba muna cewa babu ruwan da ke nuna ciwo ba ne. Akwai, kuma gane shi ba wuya in an san na lafiya.

Wanda ya fi yawa shi ne mai ƙaiƙayi. Ruwan ya yi kauri, fari fat, gudaji-gudaji kamar kindirmon da ya tsinke ko warar da Yarabawa ke sayarwa, gaba ya yi ja, ya kumbura, fitsari in ya taɓa wurin ya yi raɗaɗi. Wani irin yis ne mai suna kandida ke kawo shi, kuma dama can yana zaune a jiki kaɗan-kaɗan, sai ya sami sarari ne yake yawaita. An ƙiyasta cewa mata 3 cikin 4 za su gamu da shi aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu. Budurwar da namiji bai taɓa kusantar ta ba tana iya samunsa sarai. Maganinsa mai sauƙi ne, man shafawa irin su Canesten ko ƙwaya guda da likita zai rubuta. Sai dai in yana tafiya yana dawowa, ga yawan ƙishirwa da yawan fitsari da rama, to a gwada jinin yarinyar, domin ciwon sukari na kama yara ma, kuma wani lokaci ta nan yake fara nuna kansa.

Na biyu shi ne mai ƙarni. Ruwan ya tsinke, ya yi toka-toka, yana ƙarni kamar na kifi, galibi ba ƙaiƙayi sosai. Wannan na faruwa ne in masu gadin nan da muka ambata sun ragu, wasu ƙwayoyi suka mamaye wurinsu. Shi ma yana samun wadda ba ta san namiji ba. Maganinsa daban yake da na farko, Flagyl ne da danginsa, kuma man da ke kashe kandida ba ya yi masa kome. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wautar haɗa wa kowa magani iri ɗaya.

Akwai kuma abubuwa ƙanana da ba a kawo su a rai. Guntun takardar bayan gida ko auduga ko tsumma na iya maƙalewa a ciki, bayan kwanaki sai ɗoyi mai tsanani da ruwa mai haɗe da jini-jini, da an cire shi ke nan. Ƙananan tsutsotsi farare kamar zare da ke fitowa daga dubura da dare suna sa yarinya susa har ta kasa barci. Sabulu mai turare da omo da bai fita daga kamfai ba su ma suna sa ƙaiƙayi.

Wanda ba a wasa da shi shi ne ruwa mai launin ɗorawa ko tsanwa-tsanwa, mai kama da mugunya ko mai kumfa, musamman in ga ciwon mara, ko zazzaɓi, ko gyambo da ƙuraje a gaba, ko jini ba lokacin haila ba. Wannan ba ya kwana a gida.

GARIN NEMAN GIRA

Yanzu a dubi abin da ake yi wa yarinyar da lafiyarta ƙalau. An je kemis, an ce maganin sanyi, mai kemis bai ga yarinya ba, ya ƙirgo Ampiclox da kafso mai ja da yalo da Septrin ya ƙulle a leda. Magungunan nan ba su san mai gadi ba, ba su san ɓarawo ba, duk ƙwayar da suka tarar kashewa suke yi, amma ba sa taɓa kandida. Da masu gadi sun faɗi, sai kandida ya sami fili. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yarinyar da a da ba ta da kome sai ga ta da ƙaiƙayi na gaske, uwa kuma ta ce, ai ka gani, dama na faɗa sanyi ne, a ƙaro wani. Haka za a yi ta zagaye wata da watanni, kuɗi na tafiya, ciwo na ƙaruwa.

Illar ba ta tsaya nan ba. Shan irin waɗannan magunguna barkatai, yau biyu gobe uku, shi ya sa ƙwayoyin cuta suka saba da su. Ciwon sanyi na ainihi wanda allurar fenisilin ke kashewa a da, yanzu ba a dogara da ita a kansa, haka ma kafso mai ja da yalo.

Sai abin da ake zubawa ko a cusa. Wasu na tsarki da ruwan Dettol ko Izal, wasu alif, wasu kanwa, wasu a tafasa bagaruwa a ce yarinya ta zauna a ciki da zafinsa, wasu miski, wasu turaren tsugunno. Fatar wurin nan ta fi ta cikin baki laushi. Abin da ba za ka iya kurkure baki da shi kullum ba, me zai kai shi can? Likitoci sun tabbatar cewa matan da ke wanke cikin farji sun fi kamuwa da ruwa mai ƙarnin nan fiye da waɗanda ba sa yi. Ciki na wanke kansa da kansa. Waje kaɗai ake wankewa, da ruwa zalla, daga gaba zuwa baya, don kada a kwaso ƙazantar dubura a kawo gaba.

Mafi muni duka shi ne yankan gishiri. Har yanzu akwai masu cewa in yarinya na ƙaiƙayin gaba, ko haila ta ƙi zuwa, ko fitsari na yi mata wuya, wai gishiri ne ya fito mata, a kira wanzami ko ungozoma a sa aska. Wani bincike da aka buga a 1983 a kan mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka duba a Asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya nuna kashi 13 cikin 100 yankan gishiri ne ya jawo musu. Mafitsara na manne da bangon farji, aska in ta zarce kaɗan ta huda ta. Akwai yarinyar da ake haifa da tantanin budurci a rufe ruf, ta riƙa ciwon mara duk wata ba jini na fita. Wannan ƙaramin aiki ne a hannun likita, amma a hannun mai aska yana iya zama nakasa ta har abada. Kada wanda ya yarda a ce a kai yarinya gida hutu don a yi mata wannan.

TSARABAR HUTU

Tun da an ambaci hutu, akwai cutar da 'yan matanmu ke iya tahowa da ita daga gida ba a sani ba, watau tsargiya. Kowa ya san ta ga yara maza masu fitsarin jini, har wasu na ɗaukar ta alamar balaga. Abin da ba a sani ba shi ne tana kama al'aurar mata. Tsutsar na fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi da ke cikin ruwan tafki da kududdufi da magudanan noman rani, ta huda fatar mai wanka ko wanki, ƙwayayenta su je su maƙale a bakin mahaifa da bangon farji. Sai a ga ruwa, da ƙaiƙayi, da ɗigon jini, da ciwon mara, kamar dai ciwon da ake ɗauka wajen namiji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata da 'yan mata miliyan 56 ne ke ɗauke da ita a Afirka kudu da Sahara.

An san tsargiya a yankunan noman rani irin na Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, kuma ko a nan Kurmi an same ta a ƙauyukan bakin madatsar Oyan kusa da Abekuta. Likitan da ke Ikeja ba lalle tunaninsa ya kai can ba in ba a gaya masa ba. Saboda haka in yarinya ta taɓa shiga rafi ko tafki, ko da shekarun baya ne, a faɗa masa. Maganinta ƙwaya ce mai suna farazikwantel, irin wadda ake raba wa 'yan makaranta. Allah kaɗai Ya san yawan 'yan matan da aka ɓata wa suna a kan wankin da suka taya kakarsu a bakin tafki.

IN ABIN DA AKE TSORO NE

Dole kuma a faɗi ɗaya gefen. Akwai cututtukan da galibi ta saduwa ake samunsu, kamar ciwon sanyi na ainihi da wata mai suna kilamidiya. Sau da yawa ba sa nuna alama ga mace, sai su haura mahaifa su toshe hanyoyin ƙwai, bayan shekaru a yi aure a rasa haihuwa, a shiga zargin kishiya da aljanu. In likita ya tabbatar yarinya 'yar shekara 11 ko 12 na ɗauke da irin wannan, to a sani wani ne ya cuce ta, kuma galibi ba baƙo ba ne. Yana iya zama maƙwabci a gidan haya, ko mai shago, ko mai sayen abin tallarta da ke ce mata ta shigo ciki ta karɓi kuɗi.

Duka ba ya fito da gaskiya, rufe bakin yarinya yake yi, ya bar mugun yana yawo. A zaunar da ita a lallashe ta, a nuna mata ba laifinta ba ne. In abin sabo ne a gaggauta, domin maganin da ke kare mutum daga ƙanjamau bayan fyaɗe sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. A Ikko akwai Cibiyar Mirabel a cikin Asibitin Koyarwa na Jihar Legas da ke Ikeja, wadda aka buɗe a 2013 domin irin wannan, kuma ba a biyan kuɗi.

SALLA DA AZUMI

Wata damuwar da ke hana 'yan mata sukuni ita ce ta ibada. Akwai mai barin salla don ta ga farin ruwa, akwai mai yin wanka sau uku a yini. Farin ruwan yau da kullum ba haila ba ne, ba ya hana salla, ba ya karya azumi, ba ya wajabta wanka. Maganar alwala da ta tufafin da ya taɓa kuwa akwai bayanin malamai a kai, a tambayi malama. Littattafan da ake karantawa a zaurukanmu irin su Iziyya da Risala ba su ji kunyar wannan babi ba, sun bambanta maniyyi da maziyyi da wadiyyi, sun kuma yi bayanin farin kumfa da ke nuna ɗaukewar haila. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa matan Madina kan aika wa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, audugar da suka yi ƙunzugu da ita don ta duba musu ko sun yi tsarki. In matan Sahabbai sun yi haka, kunyar da ke hana uwa duba kamfan 'yarta ba daga addini ta samo ta ba.

ZUWA ASIBITI

Abin da ke hana iyaye da yawa kai budurwa asibiti shi ne tsoron kada a sa mata ƙarfe a ɓata mata budurci. Ga yarinyar da ba ta san namiji ba, likita ba ya bukatar sa ƙarfen da ake duba matan aure da shi. Tambayoyi zai yi, ya duba daga waje, in da bukata a lakato ruwan daga baki-baki da ɗan tsinke mai auduga. Uwa na da ikon tsayawa a wurin, tana kuma da ikon roƙon mace ta duba. Mutanen Idi-Araba ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a ƙofarsu, na Sabo ta Badun ga UCH ba nisa, amma yawancin waɗannan matsaloli ƙaramin asibitin unguwa ma ya ishe su. In uwa ba ta jin Turanci ko Yarabanci, ta tafi da mace mai ji, kada a sa ɗan'uwan yarinyar namiji ya yi tafinta, domin ba za ta buɗe baki a gabansa ba.

Game da haila kuwa, a shekara biyun farko takan yi wasa, ta zo wannan wata ta tsallake wancan, ba abin tashin hankali ba ne. Abin da ke bukatar likita shi ne yarinya ta cika shekara 15 ba ta fara ba, ko jini ya wuce kwana 7 yana zuba, ko ya riƙa jiƙa ƙunzugu duk awa ɗaya ko biyu, ko ya ɗauke fiye da wata 3, ko ciwon mara ya hana ta zuwa makaranta.

Sauran magana ta maigida ce, domin aljihunsa ta shafa. Iskar Kurmi ba irin ta gida ba ce. A Katsina ko Gusau ka shanya riga kafin ka gama alwala ta bushe, a Ikko kuwa da damina sai ta kwana biyu tana danshi. Yarinyar da ke da kamfai biyu na roba, tana kuma kunyar shanya su a igiyar tsakar gida gaban 'yan haya, dole ta sa mai danshi, danshi da zafi kuwa su ne abincin kandida. A saya mata na auduga kamar guda shida, a bar ta ta shanya a rana ko da za a rufa ɗan mayafi mara kauri a kai, in rana ta ƙi a bi da dutsen guga. Tsumman ƙunzugu ma haka, kuma ko tsumma ne ko audugar mata, a canza sau 3 ko 4 a yini. 

Ranar da za a je asibiti, kada a wanke ciki, kada a shafa ko a cusa kome tun daren jiya, don kada a ɓoye wa likita abin da zai gani. A tafi da kwalayen duk magungunan da aka riga aka sha, har na gargajiya, a kuma tuna ranar da haila ta zo ta ƙarshe. Tun da an je, a tambayi nas ko yarinyar za ta sami allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, wadda gwamnati ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a watan Oktoba na 2023.